Yadda ake ɗauko gyara daga sabuwar manhaja a yi wa tsohuwa faci a Buildroot

Mu da ke haɗa ƙananan na'urori a nan Zariya mun san wannan matsalar. Ka sayi allon kwamfuta, kamfanin da ya ƙera shi ya ba ka Buildroot ɗinsa (tsarin da ke harhaɗa Linux da manhajojin ƙaramar na'ura) na shekaru uku ko huɗu da suka wuce, ka gina aikinka a kai, ka kafa na'urorin a gonakin rani na bakin kogin Galma suna lura da famfon sola. Kwatsam sai a sanar cewa an gano ɓaraka a ɗaya daga cikin manhajojin da ke ciki. Masu asalin manhajar sun toshe ta, amma a sabon zubi. Naka tsoho ne.

Abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne ya ɗaga manhajar gaba ɗaya zuwa sabon zubi. In hakan zai yiwu lami lafiya, a yi. Sau da yawa kuwa sabon zubin yana neman sabon kwamfaila (mai mayar da lambobin manhaja yaren na'ura) ko wasu laburare (manhajojin da yake dogara da su) da tsohon gininka ba shi da su, sai gyara ɗaya ya jawo goma. Mai faci ba ya sauya taya don ƙusa ɗaya ta huda ta. Mu ma gyaran kaɗai za mu ciro, mu liƙa wa tsohon zubin.

Zan yi misali da curl, manhajar aikawa da karɓar bayanai ta intanet, wanda sunansa a Buildroot libcurl. A watan Oktoba na 2023 an bayyana ɓaraka mai lamba CVE-2023-38545, wadda ta shafi zubi 7.69.0 har zuwa 8.3.0, aka gyara ta a 8.4.0. Tana faruwa ne idan curl ya bi ta wakilin SOCKS5 (sabar da ke shiga tsakani tana isar da saƙo) da sunan sabar da ya wuce bayit 255, sai ya zuba bayanai fiye da wurin da aka ware musu.

Mataki na farko, tabbatar da zubin da kake da shi. Buɗe `package/libcurl/libcurl.mk` ka duba layin `LIBCURL_VERSION`. Duba kuma ko akwai wasu faci a foldar tun da farko, domin za su rigayi naka hawa.

Na biyu, sauko da ma'ajiyar git ta curl, inda ake adana tarihin duk sauye-sauyensa, ka buɗe reshe daga daidai zubinka. Idan 7.88.1 ne:

`git checkout -b gyara curl-7_88_1`

In akwai tsofaffin faci a foldar Buildroot, ɗora su a kan reshen nan da `git am` kafin ka ci gaba. Ma'ajiyar tana cin data, don haka sauke ta sau ɗaya ka adana, abokan aiki su kwafa daga wurinka.

Na uku shi ne nemo gyaran, kuma a nan ya kamata ka zauna ka natsu. Sanarwar tsaro ta curl tana faɗin kwamit ɗin da ya kawo gyara, wato sauyin da aka adana a git da lambarsa. Kada ka tsaya ga lambarsa, karanta shi layi-layi har ka gane abin da ya sauya da dalilinsa. A wannan misalin gyaran yana cikin `lib/socks.c`: in sunan ya yi tsawo, curl ya tsaya ya ba da kuskure. Sannan ka duba tarihin fayil ɗin da `git log`, tsakanin zubinka da gyaran, ko akwai wani kwamit da ya share masa hanya. Duba bayansa ma, don wani lokaci gyaran farko yakan zo da tasa matsalar a sake gyara shi bayan kwana biyu. Na taɓa ɗaukar rabin gyara a wata manhaja, ginin ya haɗu tsaf, amma ɓarakar tana nan daram. Wani ɗalibi daga Samaru da ke koyon aiki a wurinmu ne ya gano, da ya bi tarihin a hankali.

Na huɗu, ɗauko shi:

`git cherry-pick -x <lambar kwamit>`

Wannan `-x` ɗin yana rubuta lambar kwamit na asali a cikin bayanin. Idan aka samu karo, wato gyaran bai dace da layukan tsohon zubin ba, git zai nuna maka wuraren. Warware su da hannu, kana bin manufar gyaran. Karo yakan fi yawa a fayilolin gwaji, kuma na'urarka ba ta ɗauke da su, saboda haka kana iya barin wannan ɓangaren, muddin ka rubuta cewa ka bar shi. Idan gyaran ya taɓa `configure.ac` ko `Makefile.am`, sai ka ƙara `LIBCURL_AUTORECONF = YES` a fayil ɗin `.mk`.

Na biyar, fitar da facin:

`git format-patch -N -s -1`

Buɗe fayil ɗin ka ƙara layin `Upstream:` da adireshin kwamit na asali, kusa da `Signed-off-by` mai sunanka. Ƙara jimla ɗaya ko biyu kan abin da ka sauya wajen warware karo. Ina roƙonka kada ka tsallake wannan. Bayan shekara guda wani ne zai gaji aikin, ya tarar da faci babu asali, ya rasa ko ya cire ko ya bari. Masu aiki da Yocto, wani tsarin gini irin Buildroot, su ma haka suke yi, da layin `Upstream-Status: Backport`.

Na shida, ajiye shi. Buildroot yana ɗora faci bisa jerin sunayensu, shi ya sa ake fara su da 0001, 0002, haka dai. Ba wa naka lambar da ke bin ta ƙarshe. Kana iya sa shi a `package/libcurl/`, amma ni na fi son foldar da `BR2_GLOBAL_PATCH_DIR` ke nunawa, a ƙarƙashin `libcurl/7.88.1/`. Ta haka ba ka cakuɗa kayanka da na Buildroot ba, kuma ranar da aka ɗaga zubin facin zai daina hawa da kansa. Ƙara `LIBCURL_IGNORE_CVES += CVE-2023-38545` a `.mk`, da sunan facin a samansa, don binciken tsaro ya san an toshe.

Na bakwai, gina:

`make libcurl-dirclean`
`make libcurl-patch`
`make`

Umarnin farko dole ne. Buildroot yana ɗora faci ne kawai bayan ya warware manhajar sabuwa, don haka `libcurl-rebuild` ba zai ga naka ba. Leƙa `output/build/` ka ga gyaran da idonka a cikin `lib/socks.c`. Idan akwai manhajar da ta haɗiye libcurl a cikin jikinta, ita ma a sake gina ta, domin Buildroot ba zai yi hakan da kansa ba. Sa `utils/check-package` ya duba tsarin facin.

Daga nan sai gwaji a kan allon gaske. Bi ta `socks5h://` da dogon suna ka ga ya ƙi, sannan ka gwada aikin yau da kullum ka ga bai lalace ba. Bar allo ɗaya a shago yana aiki kwana biyu, ka riƙa yanke masa wuta kana mayarwa kamar yadda zai fuskanta a gona, kafin ka hau babur ka nufi sauran.