Babi na 7: Neman Sulhu ga Wanda Hausa Ba Harshensa Ba Ne

Darasi na ɗaya

Idan saɓani ya shiga tsakanin miji da mata a kan ciyarwa, ko riƙon yara, ko rabuwar aure, ba dole ne a fara da shari'a ba. A Kano ana iya zuwa wurin mai unguwa, ko ofishin Hisba, ko cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Jiha wadda aka buɗe a 2009, kuma wannan cibiya tana karɓar Musulmi da Kirista. Mai sulhu ba ya yanke hukunci, aikinsa shi ne ya zaunar da ku har ku daidaita da bakinku.

Da yawa daga cikinmu a wannan aji Fulatanci, ko Barbarci, ko Ibo muka tashi da shi, kuma Hausar da ta ishe mu ciniki a kasuwar Sabon Gari ba za ta ishe mu maganar riƙon 'ya'ya ba. Saboda haka kafin ki bar gida, 'yar'uwa, ɗauki takarda ki rubuta sunanki a layin farko, unguwarku a na biyu, sannan a na uku ki rubuta: "Ina buƙatar tafinta." Tafinta shi ne mai juya magana zuwa harshenki. Sake rubuta layin na uku, a hankali, ba a gaggawa. Madalla. Wannan takarda ita za ki fara miƙawa da kin gama gaisuwa.

Darasi na biyu

A nan ne ake yawan tuntuɓe. In an kammala sulhu za a rubuta yarjejeniya, a turo miki tawada ki dangwala. Kada ki dangwala sai tafinta ya karanta miki ita tun daga farko har ƙarshe, kin kuma maimaita abin da kika ji. Kunya ce take sa mutum ya gyaɗa kai alhali bai gane ba. Ba zan gaji da faɗa ba: a karanta, ki maimaita, sannan yatsa. Wasunku har yanzu suna miƙa yatsa tun ba a buɗe baki ba, kuma wannan sakaci ne, domin takardar za ta bi ki shekaru. Tafintan kuma kada ya zama ɗanki, kada ya zama dangin mijinki.

Darasi na uku

Idan akwai duka ko barazana, ki faɗa wa mai sulhu a keɓe tun kafin zama.

Darasi na huɗu

Karɓi kwafin yarjejeniyar ki adana. Aikin gida: rubuta layin na uku sau 5.