Yadda ake haɗa jitar lantarki da kayan da ka saya daban-daban

A Birnin Kebbi, idan kiɗan Buzayen Agadas ya shiga ranka har kana son jitarka ta kanka, ba dole sai ka sayi haɗaɗɗiya ba. Za ka iya sayen jiki daban, wuya daban, maganaɗisun ɗaukar sauti daban, daga kasuwar Alaba a Legas ko ta intanet, ka haɗa a gida. Ba lallai ya fi araha ba, amma kowane abu kai ka zaɓa. Hikimar ta Leo Fender ce, Ba'amurken da ya fitar da Stratocaster a 1954, wadda sukuru huɗu kawai ke riƙe wuyanta.

Kafin ka biya ko kwabo, ɗauki tef ka yi awo. Tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki a jitar Fender milimita 648 ne, a Gibson kuwa wajen 628. Wuyan wannan a jikin waccan ba zai taɓa ba ka sauti daidai ba, ko ka kwana kana murɗawa. Ko a gidan Fender ma, gindin wuyan Stratocaster kewayayye ne, na Telecaster mai kusurwa. Ni na taɓa sayen wuya don kyan katakonsa kawai, ya zo ya ƙi zama a raminsa, sai da na kai wa kafinta, shi ma ya yi ta kankara yana tsaki.

Kaya sun iso, kada ka yi gaggawa. Bar katakon ya yi mako guda ko biyu a ɗaki ya saba da iskarmu, musamman da hunturu. Katakon da ya fito daga laimar Legas yana tsukewa a nan, har bakin ƙarafan wuya su fito suna yankan yatsa. In sun fito, a goge su da ƙaramin zarto.

Sai ka zaunar da wuya a raminsa, ka ɗaura tsirkiyar farko da ta ƙarshe sako-sako, ka duba ko ratarsu da gefen wuya ɗaya ce. In ta yi, yi alama, ka huda da siririn ƙarfe kafin ka sa sukuru, don busasshen katako tsagewa yake.

Wayoyi kuwa, in ba ka iya dalma ba, kai wa mai gyaran rediyo. Gaya masa makunnin ƙara mai 250k ake sa wa maganaɗisu mai naɗi ɗaya, 500k ga mai naɗi biyu. Ka tsaya a kansa ya haɗa wayar ƙasa da jaki, a kuma liƙe cikin ramin da tef na tagulla. In an manta, da ka jona amfilifaya a janareta za ka ji tana gurnani kamar injin niƙa.

Saura saiti. Ɗaure tsirkiyoyin shida, ka kaɗa ɗaya a sake, sannan ka danne ta a ƙarfe na 12. Sautin biyu ya zama ɗaya, na biyun sama. In ya zarce, ja jakin wannan tsirkiyar baya kaɗan. In ya gaza, matso da shi gaba. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya kuma kwata-kwatan zagaye ake murɗa ta, a bar ta ta kwana, washegari a sake dubawa.