Yadda mai ciwon suga zai shirya wa dashen haƙori

Daga Shara Mansur a Makka har cikin Jidda, da wuya ka wuce asibitin haƙori ba ka ga allon "zira'atul asnan" ba, wato dashen haƙori. Mai ciwon suga ma ana yi masa, kuma yana kamawa. Ɗan ƙarfen titaniyom ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi, sai ƙashin ya tofo ya riƙe shi cikin wata 3 zuwa 6. Idan suga ya yi yawa a jini, wannan riƙon yana jinkiri, ciwo ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta kuma su samu wurin zama.

Fara da gwajin jini na HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini, wanda a nan ake kira sukkar tarakumi. Kada na'urar huda yatsa ta ruɗe ka. Mutum zai ƙaurace wa dabino da shayi kwana biyu, lamba ta yi kyau, ya tafi yana murna, alhali tarakumi labarin wata uku yake bayarwa, ba ya rufa wa kowa asiri. Likitoci sun fi son ganin 7% ko ƙasa. Ya haura 8%, da yawansu za su ce a dakata, to ka dakata ɗin, ka koma wurin likitan suga a gyara magani da abinci. Riyal ɗin da za ka zuba ba na wasa ba ne.

Sannan a duba dasashi. In yana jini ko kumburi, shi za a fara yi wa magani. Sigari da shisha kuwa a ajiye su.

Ranar aiki ka nemi layin safe, ka karya kumallo, ka sha maganinka yadda ka saba, ka tafi da na'urarka. Ni dai ba zan sa ranar cikin azumi ba.

Bayan an dasa, ka shanye maganin da aka rubuta, ka riƙa kurkure baki da ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta na chlorhexidine yadda likita ya ce. Abinci mai laushi za ka ci, amma nan ake faɗawa rami: kunu mai sukari da lemon kwalba duk laushi ne. Ƙwai, miya da madara marar zaƙi sun wadatar.

Ko haƙorin ya zauna, kana komawa duk wata 3 zuwa 6 a duba. Ka ga jini, mugunya, ko ka ji yana motsi, kada ka jira ranar da aka ba ka.