Idan an kawo miki abin da ba shi kika gani a hoto ba

'Yan uwa mata, sau biyu ke nan a watan nan ana kuka kan leshin da aka saya ta intanet, ɗan aike ya kawo har gida a Kubwa da ke Abuja, aka buɗe aka ga wani abu daban.

Kafin ki tura kuɗi, ki ɗauki hoton tallar da bayanin da mai kayan ya rubuta, don wasu na goge shi da zarar kuɗi ya shiga. Ranar da kayan suka iso, ki kunna bidiyo kafin ki yage ledar. Kada ki kai wa tela, kada ki wanke.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba ki damar mayar da kayan da ba ki samu dubawa ba kafin a kawo, in sun saɓa da bayanin da aka yi, a kuma biya ki kuɗinki cif. Rubutun "ba a mayar da kaya" bai soke wannan ba. Amma fa ki yi wa mai kayan magana da wuri, a rubuce, ba kiran waya ba.

In ya ƙi, ki haɗa rasit da hotunan ki kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, hedikwatarta na nan Abuja.