Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaure jirgin ruwa kafin hadari, da yadda ake gyara su

Kuskure na farko, wanda kuma ya fi kowanne tsada, shi ne a zaɓi wurin ɗaure jirgi bisa iskar da ke kaɗawa a lokacin da ake ɗaurewar. Mutum ya shigo wani lungu da rana, ya ga ruwa a kwance lumui, ya saki anka, wato ƙarfen da ake saukewa ƙasan ruwa don ya riƙe jirgi, ya tafi gida hankali kwance. Ruwan ya kwanta ne saboda tudun da ke gefe guda ya tare iskar wannan sa'ar. Da dare iska ta juya, lungun ya buɗe mata baki, gaɓar da ke ba jirgin kariya ta zama wurin da zai rotse.

Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne daga wace kusurwa iska za ta zo idan hadarin ya kankama, kuma ina za ta koma idan ya fara wucewa. Hasashen yanayi yana faɗin wannan, don haka kada ka tsaya kan ƙarfin iskar kawai, ka duba inda za ta fito. Babbar guguwar teku juyawa take yi, a arewacin duniya saɓanin tafiyar hannun agogo, a kudu kuma daidai da tafiyarsa. Idan tsakiyarta ta bi ta kan wurin da kake, iska za ta lafa na ɗan lokaci, sannan ta dawo daga ɗaya ɓangaren da ƙarfinta. Wurin da ke da kariya ta gefe ɗaya kaɗai bai isa a bar jirgi a cikinsa ba.

Sannan ka auna faɗin buɗaɗɗen ruwan da iska za ta ratsa kafin ta iso jirginka. Raƙuman ruwa suna girma ne gwargwadon nisan da iska ta bi a kan ruwa ba tare da wani abu ya tare ta ba. Iska mai ƙarfi da ta ratso mita 200 na ruwa za ta girgiza jirgi ne kawai. Ita dai wannan iskar, idan ta ratso kilomita 10, za ta kawo raƙuman da za su riƙa ɗaga goshin jirgi suna fizgar igiya, kuma fizgar nan ce ke tumɓuke anka. Ƙaramin rafi mai lanƙwasa, ko lungu mai ƙunci da tudu ko bishiyoyi suka kewaye, ya fi babban fili mai kyan gani.

Masu barin jirgi a kogi suna da nasu kuskuren. Bayan lanƙwasar kogi, wato inda ruwa ke bugun gaɓa, ya fi zurfi, shi ya sa yake jan hankali. Amma nan ne ruwa ya fi gudu, nan yake cin gaɓa ta ƙasa, nan kuma gungumen itace da tarkacen da ambaliya ta kwaso ke bi. Bishiyar da ka ɗaura wa igiya a irin wannan gaɓa tana iya faɗowa da saiwarta ta tafi da jirgin. Cikin lanƙwasar kuwa ruwa ba ya gudu, sai dai ba zurfi, idan ruwan ya janye sai jirgi ya zauna a kan yashi ya karkace. Ka nemi ɗan reshen kogi ko lungun da ya kauce wa babbar hanyar ruwa, ka duba saiwar duk bishiyar da za ka amince wa.

Ƙarancin igiyar anka

An yi anka ne don ta nutse cikin ƙasa idan an ja ta a kwance. Da zarar jan ya koma ta sama, sai ta fito, kuma haka ma ake ciro ta idan za a tashi. Gajeriyar igiya tana jan anka sama tun kafin iska ta yi ƙarfi.

A yanayi mai kyau ana sakin igiya mai tsawon ninki 5 zuwa 7 na zurfin wurin. Idan ana jiran hadari, a kai ninki 10 muddin akwai fili. Inda ake tafka kuskure shi ne lissafin zurfin. Ba zurfin da ka auna yanzu ake nufi ba. Daga goshin jirgi ake aunawa zuwa ƙasan ruwa, a lokacin da ruwa ya kai ƙarshen cikarsa. A ce zurfin mita 4 ne da ka iso, teku za ta ciko da mita 2, goshin jirgi kuma ya ɗara ruwa da mita 1. Jimla mita 7 ke nan, ninki 7 mita 49, ninki 10 mita 70. Wanda ya lissafa da mita 4 kaɗai zai saki mita 28 yana ganin ya yi ninki 7, alhali da ruwa ya ciko ninki 4 yake da shi. Cikowar teku ta fi yawa a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin cikarsa, guguwa kuma tana turo ruwa ta ƙara a kan wannan.

Doguwar igiya tana zuwa da sharaɗinta. Jirgi mai tsawon mita 8 da ke kan igiya mai mita 70 zai iya zagaya fili mai nisan kusan mita 78 ta kowace fuska daga inda ankar take. Dole wannan da'irar ta kasance babu dutse, babu tudun yashi, babu wani jirgi. Idan filin bai kai ba, a sa anka biyu daga goshi, a ware su kamar digiri 45 zuwa 60, za su rage lilon jirgin su kuma raba nauyi.

Irin ƙasar da ankar za ta kama ma abin dubawa ne. Laka mai tauri da yashi suna riƙewa sosai. Ciyawar ruwa tana naɗe bakin anka ta hana ta nutsewa, tsakuwa tana zamewa, dutse kuwa ko dai ya ƙi kama ta ko ya kama ta ya ƙi saki. Mafi yaudara ita ce laka marar kauri da ta lulluɓe dutse, sai ka ji kamar ta kama, iska na tashi ta sulale. Kada ka jefa anka da igiya a dunƙule. Ka sauke ta a hankali jirgi na ja da baya, ka ɗaure, sannan ka sa inji a baya kana ƙara wuta kaɗan-kaɗan na minti ɗaya ko biyu. Ka zaɓi abubuwa biyu a tudu da suka yi layi ɗaya a idonka, kamar bishiya da gini a bayanta. In sun rabu kana ja, ankar tana jan ƙasa. Ka ɗora hannu a kan igiyar, wadda ta kama za ka ji ta miƙe tsaf, wadda ke ja kuwa za ka ji tana karkarwa. A ciro a sake.

Wani abin da ake yi da ganganci shi ne ɗaure jirgi a jikin maɗaurin dindindin da aka tarar a ruwa, wato duro da sarƙa ta haɗa da dunƙulen kankare a ƙasan ruwa, ba a san mai shi ba, ba a san abin da ke ƙasansa ba. Duron da ke yawo a sama yana iya zama sabo fil, sarƙar da ke ƙasa kuwa ta cinye, musamman inda take gogar ƙasa kullum. Kankare kuma yana rasa fiye da kashi 40 cikin 100 na nauyinsa a cikin ruwa: dunƙule mai kilo 1,000 a tudu bai wuce kilo 580 ba a ƙasan ruwa. In ba ka ga sarƙar da idonka ba, ko wanda ya dasa bai tabbatar maka da girman jirgin da aka yi shi dominsa ba, ankarka da ka sani ta fi.

Igiya da inda take gogawa

Igiya mai lafiya ba kasafai take tsinkewa a tsakiya ba. Tana mutuwa ne a inda take gogar wani abu: bakin jirgi, gefen turke, kaifin kankare. Awa shida na ja da saki a kan kaifi ɗaya ya isa ya yanke igiya mai kauri. A naɗe duk wurin gogawa da ƙyalle mai kauri ko fata, a ɗaure naɗin don kada ya zame. Mutane da yawa suna zura tiyon roba, amma yana da illa: nailan yana ɗaukar zafi daga ciki idan ana ta jan sa ana saki, roba kuma tana hana ruwa shiga ya sanyaya shi, har zarensa ya narke. Abin da ruwa ke ratsawa ya fi dacewa.

Nailan ne ya dace da wannan aiki saboda yana talewa ya shanye fizga. Igiyar roba mai arha da ke yawo a kan ruwa rana tana cinye ta da sauri, ba abin amincewa ba ce a daren hadari. Wanda ke da sarƙa zalla ya haɗa mata guntun nailan mai mita 8 zuwa 10 tsakaninta da jirgi, domin sarƙar da ta miƙe ba ta da sassauci ko kaɗan. Kowace igiya ta sami nata maɗauri a jikin jirgi. Igiya biyu a kan ƙarfe ɗaya, idan ya fita an rasa duka biyun. Ka leƙa ƙarƙashin maɗaurin: a ce ƙusoshinsa sun ratsa katako har ƙasa, da noti da farantin ƙarfe a baya. Fil ɗin da ke haɗa sarƙa da anka kuma a ɗaure shi da waya, girgiza tana kwance shi.

A jikin tasha, kuskuren shi ne a matse jirgi da gajerun igiyoyi don kada ya motsa. Ruwa ya tashi da mita biyu, igiya ta danne gefen jirgi ƙasa har ruwa ya shiga. Ruwa ya sauka, jirgi ya rataya. A yi amfani da dogayen igiyoyi da aka karkata, ɗaya daga goshi zuwa turken baya, ɗaya daga baya zuwa turken gaba, kowace ta kai aƙalla tsawon jirgin. Suna hana shi gaba da baya, suna kuma barin sa ya tashi ya sauka. A jera tayoyi a gefe, in da hali kuma a sa anka ta ɓangaren ruwa ta janye shi daga jikin bango gaba ɗaya.

Ƙarfin da iska ke tura abu da shi yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu. Daga kilomita 30 a awa zuwa 60 ninki huɗu ne, zuwa 90 ninki tara. Saboda haka duk rumfa, tamfol, da ƙyallen tuƙi da iska a sauke su a kai tudu, naɗewa a bar su a sama bai isa ba.

Ruwan sama kuma shi kaɗai yana nutsar da buɗaɗɗen jirgi. Milimita 1 a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Jirgi mai faɗin murabba'in mita 10 da ya sha milimita 100 ya ɗauki lita 1,000, tan guda ke nan. A share ramukan fitar ruwa daga ganye da leda, a caja batirin famfo, a gwada shi da bokitin ruwa kafin a tafi. Ƙaramin kwale-kwale da za a iya ja, a fito da shi tudu sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, a kife shi a ɗaure da turaku. In ba zai kifu ba, a cire toshiyar ƙasansa don ruwan sama ya riƙa fita.

Duk wannan aikin a gama shi da sauran haske, kafin iska ta fara, sannan kowa ya sauka. Babu wanda ke iya gyara igiyar da ke ɗauke da nauyin jirgi a tsakiyar guguwa, kuma hannun da ya shiga tsakaninta da ƙarfe ba ya fita lafiya.

Bayan hadarin ya wuce, ka bi kowace igiya da hannu daga farko har ƙarshe, ka buɗe naɗin wuraren gogawa ka duba ciki. Nailan da ya yi tauri, ko ya yi sheƙi a wani wuri, ko zarensa ya manne da juna, zafi ya riga ya ci shi. A yanke wurin ko a canza igiyar kafin a sake ɗora mata jirgi.