Darasi na 7: Kwamfuta tana haki alhali ba a sa ta aiki ba

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar kwamfutar nan ce da za ka ajiye a kan tebur ba ka buɗe komai ba, ba kallo ba rubutu, amma fankarta sai kuka take kamar injin markaɗe, ƙasanta ya ɗau zafi, caji yana zuƙewa. A cikinta akwai wani ɗan abu da ake ce wa CPU, shi ne ƙwaƙwalwarta. In tana hutawa aikinsa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba, in kuwa ya maƙale a 80 ko 100 to akwai mai sa shi aiki a ɓoye, shi za mu kamo.

Buɗe Task Manager

Task Manager shi ne wurin da Windows ke nuna abubuwan da ke aiki a cikin kwamfuta. Maɓalli uku ne ke buɗe shi, kuma a nan ne kowa ke faɗuwa, saboda haka mu bi a hankali. Duba can ƙasa ta hannun hagu, za ka ga Ctrl. A wasu kwamfutocin Lenovo ThinkPad, Fn ne a kusurwar, Ctrl na gefensa, karanta rubutun kafin ka danna. A samansa akwai Shift, wani lokacin kibiya ce kawai mai kallon sama. Can ƙololuwa ta hagu kuma Esc.

Danna Ctrl ka riƙe. Kar ka saki. Yana riƙe ɗin ka danna Shift shi ma ka riƙe. Yanzu yatsu biyu na ƙasa ko? To da ɗaya hannun taɓa Esc sau ɗaya, sannan ka saki duka.

Bai buɗe ba? Ba komai, ka saki Ctrl ne da wuri. Sake. Ctrl a riƙe, Shift a riƙe, Esc a taɓa. Akwai wata baiwar Allah a ajinmu, mai sana'ar ɗinki, ita ɗaya bayan ɗaya take dannawa kamar mai buga lambar waya, sai da muka yi sau tara, na ce Hajiya ai kamar riƙe yadi ne lokacin da allura ke sauka, nan take ta gane, yanzu ita ke koya wa na kusa da ita. Ku ma za ku iya. Biyu a riƙe, ɗaya a taɓa. A sake yi sau uku kafin a ci gaba, ko da ya buɗe.

In ɗan ƙaramin akwati ya fito, danna More details a ƙasansa.

Kamo mai laifin

A sama za ka ga an rubuta CPU da lamba. Danna kan kalmar sau ɗaya, mai babbar lamba zai hau sama. In sifili ne suka cika saman, sake dannawa. Karanta sunan farko ka rubuta a littafinka.

In Chrome ne, shafuka ne ka bari a buɗe, rufe su. In Antimalware Service Executable ne, maigadin Windows ne yana binciken ƙwayar cuta, ƙyale shi ya gama. Windows Modules Installer Worker kuma sabuntawa yake yi, sa caji ka je ka yi sallah ka dawo. Wanda ya shiga ɓangaren Details zai ga System Idle Process da 95 ko fiye, wannan ba matsala ba ce, lissafin hutun kwamfutar ne.

Sai maganar End task, wato maɓallin da ke kashe abin da ka zaɓa a Task Manager. Na faɗa makon jiya, na faɗa shekaranjiya, amma har yanzu akwai masu bin layi suna kashe duk sunan da bai yi musu ba. Haba jama'a! Abin da ba ka san sunansa ba me ya kai ka kashe shi? Wani ya yi haka allonsa ya koma baƙi ƙirin ya zo yana cewa kwamfutar ce ba ta da kyau. Rubuta sunan ka kawo aji, shi ke nan fa abin da na roƙa. Kuma wanda har yanzu bai iya Ctrl, Shift, Esc ba ya koma sama.

Restart

A zaɓi Restart, ba Shut down ba, don a Windows 10 da 11 Shut down ba ya wanke komai da komai. In ta tashi a ba ta minti goma kafin a duba.

Startup

Yana cikin Task Manager ɗin, shi ne jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta. Manhajar da ka sani kuma ba ka buƙatar ta tashi da kwamfuta, danna ta ka zaɓi Disable.

Ƙura

Ta hunturu na toshe fanka. A daina ɗora laftof kan katifa, a kai wa mai gyara ya hure ta.

Filashin mutane kuma a yi hattara, saboda ƙwayar cuta. Sai mako mai zuwa, kowa ya zo da littafinsa.