Darasi na 9: Asa da Yowash, Sarakunan da Suka Fara da Aminci

Kafin a soma wannan darasi, malami ya taimaki kowane ɗalibi ya buɗe Littafi Mai Tsarki da hannunsa, ya nemo Littafin Tarihi na Biyu, sura ta 14 zuwa ta 16, sa'an nan ya sa alama a sura ta 24. Manyan lambobi su ne surori, ƙananan da ke cikin layi kuwa ayoyi ne, kuma wanda ya riƙe wannan bambanci ba zai ƙara ruɗewa ba idan fasto ya kira nassi ran Lahadi. A riƙa karanta sakin layi ɗaya da murya, a tsaya a tattauna, kafin a wuce zuwa na gaba.

Shekarun Asa na farko

Bayan rasuwar Sarki Sulemanu, wajen shekara 930 kafin haihuwar Almasihu, mulkinsa ya rabu gida biyu. Kabilu goma na arewa suka bi Yerobowam, suka riƙe sunan Isra'ila, kabilun Yahuza da Biliyaminu kuwa suka tsaya da zuriyar Dawuda a Urushalima. Asa jikan Rehobowam ne, wato tattaɓa-kunnen Sulemanu, kuma shi ne sarki na uku a Yahuza bayan rabuwar. Ya tarar da ƙasa cike da bagadan baƙin alloli da wuraren tsafi a kan tuddai, sai ya rurrushe su, ya umarci jama'a su nemi Ubangiji Allah na kakanninsu. Ƙasar ta sami zaman lafiya har shekara 10, shi kuwa bai ɓata waɗannan shekaru a kwance ba, domin a cikinsu ne ya gina birane masu garu da hasumiyoyi da ƙofofi, ya kuma shirya mayaƙa 300,000 daga Yahuza da 280,000 daga Biliyaminu.

Wannan runduna ba ƙarama ba ce, amma da Zera mutumin Habasha ya iso Maresha da mayaƙa 1,000,000 da karusai 300, sai ta zama kamar ba kome ba. Asa ya ja dāga a kwarin Zefata, ya ɗaga murya ya roƙi Ubangiji, yana cewa babu mai taimako kamarsa ko ga mai ƙarfi ko ga marar ƙarfi, kuma a gare shi suke dogara, da sunansa ne suka fito su kara da wannan taro. Ubangiji ya ba su nasara, suka fafari abokan gāba har zuwa Gerar, suka komo da ganima mai yawa.

A hanyar dawowa ne annabi Azariya ɗan Oded ya tare shi da saƙo mai sharaɗi: Ubangiji yana tare da su muddin suna tare da shi, idan sun neme shi za su same shi, idan kuwa sun rabu da shi, shi ma zai rabu da su. Asa ya karɓi maganar. A wata na uku na shekara ta 15 ta sarautarsa ya tara jama'a a Urushalima, aka miƙa hadayar shanu 700 da tumaki 7,000, aka ɗauki alkawari da rantsuwa za a nemi Ubangiji da zuciya ɗaya.

Abin da ya fi nuna ƙarfin zuciyar Asa a wannan lokaci shi ne abin da ya yi a cikin gidansa. Kakarsa Ma'aka ita ce take riƙe da matsayin uwar sarki, kuma ta sa an sassaƙa mata gunki mai banƙyama. Asa ya tuɓe ta daga matsayin, ya sare gunkin, ya farfasa shi, ya ƙone shi a rafin Kidron. Duk wanda ya tashi a babban gida ya san nauyin wannan aiki, domin rushe bagaden da ke wani ƙauye mai nisa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba bisa ga tsayawa a gaban tsohuwar da ta goya mahaifinka a ce mata abin da take yi ba daidai ba ne.

Lokacin da baitulmali ya cika

Littafin Tarihi ya ce a shekara ta 36 ta sarautar Asa, Ba'asha Sarkin Isra'ila ya soma gina Rama, wani gari da bai wuce kimanin kilomita 8 daga Urushalima ba ta wajen arewa, don ya datse hanya kada kowa ya shiga wurin Asa ko ya fita. Wannan matsala ta tsaya a tare hanya ne, ba ta kai ko kusa da mayaƙa miliyan ɗaya ba. Duk da haka, a wannan karo ba a rubuta cewa Asa ya yi addu'a ba. Ya kwashi azurfa da zinariya daga baitulmalin Haikalin Ubangiji da na fādarsa, ya aika wa Ben-hadad Sarkin Suriya a Dimashƙu, ya roƙe shi ya warware yarjejeniyar da ke tsakaninsa da Ba'asha. Ben-hadad ya karɓi dukiyar, ya tura sarakunan yaƙinsa suka faɗa wa Iyon da Dan da Abel-mayim da biranen ajiya na Naftali. Ba'asha ya bar aikin Rama, Asa kuwa ya sa mutanen Yahuza suka kwashe duwatsu da katakon da aka tara, ya gina Geba da Mizfa da su.

A lura da kyau, dabarar ta ci. Hanya ta buɗe, ba a zubar da jinin mutumin Yahuza ko ɗaya ba a cikin labarin, har ma an sami kayan gini kyauta. Da a ce sakamako kaɗai ake dubawa, da an yaba wa Asa. Amma Hanani maigani, wato annabi, ya zo ya tuna masa da Habashawa da Libiyawa da yawan karusansu, ya ce masa idanun Ubangiji suna kai da kawowa a duniya duka domin ya ƙarfafa waɗanda zuciyarsu take gare shi ɗungum, ya kuma gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ya yi wauta, daga yanzu kuma zai sha yaƙe-yaƙe. Sarkin da ya saurari Azariya da tawali'u sai ga shi ya husata da Hanani, ya jefa shi a kurkuku, ya kuma shiga gallaza wa waɗansu daga cikin talakawansa.

A nan ne ya kamata aji ya daɗe yana tunani. Ranar da Asa ba shi da wata mafita, ya nemi Allah, ranar da yake da kuɗi da sanayya da gwanintar mulki kuwa, sai ya nemi Dimashƙu. Ya taɓa kayan Haikali, waɗanda shi da kansa ya shigar da waɗansunsu a matsayin keɓaɓɓu ga Ubangiji, ya sayi taimako da su, ya kuma biya wani sarki domin ya ci amanar abokin alkawarinsa. Mu ma mun fi saurin durƙusawa idan ciwo ya gagari magani ko rumbu ya ƙare, ƙaramar matsala kuwa wadda muke ganin aljihunmu zai iya kashe ta, sau da yawa ba ma tambayar ko hanyar da muka bi ta gamshi Allah.

A shekara ta 39 Asa ya kamu da ciwon ƙafa mai tsanani, kuma Nassi ya ce ko a cikin ciwon bai nemi Ubangiji ba, sai masu magani kaɗai. Kada wani ya ɗauki wannan aya ya ƙi zuwa asibiti ko ya hana iyalinsa shan magani. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne, Bulus kuma ya kira shi ƙaunatacce. Laifin Asa shi ne ya cire Allah daga lissafinsa. Ya rasu a shekara ta 41 ta sarautarsa, aka binne shi da girma a kabarin da ya haƙa wa kansa a birnin Dawuda. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya duka: Littafin Sarakuna da na Tarihi sun shaida cewa zuciyar Asa tana tare da Ubangiji dukan kwanakinsa, domin bai taɓa komawa ga gumaka ba. Nassi bai ɓoye kirkinsa ba, bai kuma rufe masa asirin shekarunsa na ƙarshe ba.

Yowash da firist Yehoyada

Labarin Yowash, wani sarkin Yahuza da ya yi mulki shekaru da yawa bayan Asa, ya fi na Asa ɗaci. Yana jariri kakarsa Ataliya ta tasar wa 'ya'yan gidan sarauta da kisa, sai gwaggonsa Yehosheba, matar firist Yehoyada, ta sace shi, aka ɓoye shi a Haikali shekara 6. Yana da shekara 7 aka naɗa shi sarki, ya yi mulki shekara 40. Nassi ya yaba masa da magana mai iyaka, wato ya yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji dukan kwanakin Yehoyada. Da tsohon firist ɗin ya rasu yana da shekara 130, sai shugabannin Yahuza suka zo suka faɗi a gaban sarki suka yi gaisuwa, shi kuwa ya saurare su, aka bar Haikali aka koma ga gumaka. Zakariya ɗan Yehoyada ya tashi ya tsawata wa jama'a, sai sarki ya ba da umarni aka jajjefe shi har lahira a farfajiyar Haikalin da aka ɓoye Yowash ɗin yana yaro. Da shekara ta kewayo, 'yar ƙaramar rundunar Suriya ta ci Yahuza da yaƙi, fādawan Yowash kuma suka kashe shi a kan gadonsa, ba a ma binne shi a makabartar sarakuna ba, alhali Yehoyada wanda ba sarki ba an binne shi tare da sarakuna. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, Yowash kuwa bai cika arba'in ɗin da amincinsa ba, domin tun farko na Yehoyada ne yake tafiya da shi.

Akwai waɗansu mutane a cikin wannan labari da ba a ambaci sunayensu ba, ga shi kuwa sun fi sarkin wajen riƙon amana. Lokacin da Yowash ya sa a gyara Haikali, tun Yehoyada yana da rai, an huda murfin wani akwati aka ajiye shi domin jama'a su riƙa zuba kuɗi. Idan ya cika, magatakardan sarki da wakilin babban firist su ne suke zuwa tare su juye shi, a ƙirga, a miƙa wa masu lura da aiki, su kuma su biya magina da kafintoci da maƙera da masu sassaƙar dutse. Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 12 aya ta 15, ya ce ba a ma neman lissafi daga wurin masu lura da aikin, saboda sun yi shi da gaskiya. Da aka gama gyara kuma, sauran kuɗin da ya ragu suka komo da shi gaban sarki da Yehoyada, aka ƙera kayan hidimar Haikali da shi. Ma'ajin ikilisiya da mai riƙe kuɗin zumuntar mata su lura da tsarin nan: mutum biyu ne suke ƙirga kuɗi, daga ɓangare biyu, kuma rarar da ta saura ba ta kwana a aljihun kowa ba.

Aikin aji

Ɗalibai su rabu uku uku su amsa waɗannan tambayoyi da baki, sa'an nan kowa ya zaɓi ɗaya ya rubuta amsarta da cikakkiyar jimla a littafinsa. Me ya sa Hanani ya tsawata wa Asa, alhali dabararsa ta yi nasara? Wane bambanci ne yake tsakanin yadda Asa ya karɓi maganar Azariya da yadda ya karɓi ta Hanani? Wane ne ya riƙe hannunka a farkon bangaskiyarka, kuma waɗanne abubuwa ne kake yi yau waɗanda za ka ci gaba da yi ko ba ya nan?

A wajen lissafi, kowa ya haɗa mayaƙan Yahuza da na Biliyaminu ya rubuta jimlarsu da lambobi, sa'an nan ya cire ta daga yawan mayaƙan Zera domin a ga tazarar da ke tsakani. A kuma lissafta shekarun Yowash a ranar mutuwarsa, tun da an san shekarunsa a ranar naɗi da tsawon mulkinsa. Malami ya zagaya ya duba yadda ake sa waƙafi a cikin manyan lambobi, domin a nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe.

Aikin gida shi ne kowane ɗalibi ya ja layi uku a tsaye a takarda domin a sami gida huɗu, ya rubuta kwanan wata a gida na farko, kuɗin da ya shigo a na biyu, wanda ya fita a na uku, abin da ya saura kuma a na huɗu. Ya cika ta har kwana bakwai da kuɗin cefane ko na sana'arsa, ya nemi mutum na biyu ya ƙirga tare da shi ya sa hannu a ƙasa, sa'an nan ya zo da takardar aji mako mai zuwa, lokacin da za a karanta labarin Sarki Hezekiya daga sura ta 29.